Shin Ko Kun San? Abin da Ke Biyo Bayan Rage wa Motar Gudu Tsayi

Duk wanda ya ga motar gudu ta kwanta daf da kwalta, tayoyinta sun cika gurbinsu, ya san akwai kyau a wurin. Shi ya sa daga Amurka har Jamus da Japan, gyaran da masu sha'awar irin waɗannan motoci suka fi farawa da shi shi ne cire sifirin da kamfani ya ɗaura, a sa gajere mai tauri. Aikin ba ya wuce wuni guda a gareji. Sai dai tsayin mota lissafi ne da injiniyoyi suka ɗaure kowane ƙarfe na ƙafarta a kansa, kuma wanda ya taɓa sifiri kaɗai ya bar sauran, ya kwance wannan lissafi. Ga abin da ya kamata mai mota da bakanike su sani.

Me ake nema da ragin?

Shin ko kun san cewa ragin ba shi da yawa a ma'auni? Sifirin da kamfanoni irin su Eibach da H&R suke yi domin motocin hawa yawanci milimita 25 zuwa 40 yake sauko da mota. Amma motar gudu tun asali tazararta da ƙasa kaɗan ce, kaiwa da komowar ƙafarta ma gajera ce. Wannan ɗan ragi yakan cinye kaso mai tsoka na sararin da taya take da shi na lotsawa idan ta hau tudu ko ta faɗa rami.

Shin ko kun san dalilin da ya sa mota gajera ta fi riƙe kwana? Idan ta shiga kwana da gudu, nauyinta yakan koma kan tayoyin waje, na ciki su yi sakayau. Gwargwadon nisan cibiyar nauyinta da ƙasa, gwargwadon nauyin da zai koma. Motar Toyota 86 da ta fito a 2012, kamfanin ya ce cibiyar nauyinta milimita 460 take daga ƙasa. In aka sauko da ita milimita 25, an rage komawar nauyin da kimanin kashi 5 cikin 100. Riba ce ta gaske, amma galibin canjin da direba yake ji a sitiyari daga taurin sabon sifirin yake zuwa.

Ko kun san cewa inda kowace taya take taɓa kwalta bai wuce girman tafin hannu ba? Gudu da birki da kwana duk ta waɗannan wurare huɗu suke bi. Aikin ƙafar mota baki ɗaya shi ne ta riƙe su a shimfiɗe a kan hanya. Duk gyaran da ya sa taya ta riƙa tsalle ko ta tsaya a gefenta, ya rage wa motar riƙo, komai kyan da ta yi a ido.

Shin ko kun san cewa Bugatti Veyron takan rage wa kanta tsayi kafin ta kai ƙurewar gudunta? A tafiyar yau da kullum tazararta da ƙasa milimita 125 ce. Idan direba yana neman gudun kilomita 407 a awa, sai ya tsaya cak ya sa wani makulli na biyu, motar ta sauko zuwa milimita 65 a gaba da 70 a baya, domin iska ta rage ja mata baya. Masu ƙera ta sun san ba za a rayu da wannan tsayi a titin gari ba, shi ya sa ba su bar ta a haka dindindin ba.

Ko kun san cewa Ford GT40, wadda ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, tsayinta duka daga ƙasa zuwa rufi inci 40 ne, wato kusan santimita 102? A haka aka zana ta tun a takarda, aka kuma dasa kowane hannun ƙafarta bisa wannan tsayi. Wannan shi ne bambancin motar da aka ƙera a gajarce da wadda aka gajarta daga baya.

Sifirin kansa

Shin ko kun san cewa ƙa'idar da sifiri yake aiki da ita ta haura shekara 300 a rubuce? Masanin kimiyya na Ingila Robert Hooke ne ya wallafa ta a 1678: gwargwadon nauyin da aka ɗora, gwargwadon lotsawar sifiri. A kanta ake auna tauri har yau, wato nauyin da ake bukata kafin sifiri ya lotsa milimita ɗaya.

Shin ko kun san cewa ƙarin milimita ɗaya tak a kaurin ƙarfen sifiri yana sauya halin mota? Tauri ba ya bin kauri sannu a hankali, tsalle yake yi. Idan aka tashi daga ƙarfe mai kaurin milimita 12 zuwa mai 13, ba a taɓa komai ba ban da wannan, taurin zai ƙaru da kusan kashi 38 cikin 100. In kuwa aka ninka kaurin biyu, taurin ya ninka sau 16. Don haka sifiri biyu suna iya yin kama a ido, aikinsu ya sha bamban.

Ko kun san cewa yanke sifiri yana ƙara masa tauri? Idan yana da naɗi goma masu aiki aka datse ɗaya, taurinsa ya hau da kimanin kashi 11 cikin 100. Sai dai sau da yawa wannan ƙari ba ya isa ya rama sararin da aka rasa, bakin da aka yanke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa. Idan taya ta rataya a iska, gajeren sifirin yana iya gocewa ya fita.

Shin ko kun san cewa gasa sifiri da wutar walda domin ya lotsa ya fi yankewa haɗari? Ƙarfin sifiri daga horon wuta yake zuwa, wanda aka yi masa a masana'anta bisa ma'aunin zafi, sannan aka yi masa luguden ƙananan ƙwayoyin ƙarfe domin fatarsa ta jure lanƙwasa. Wutar walda tana warware wannan horo. Wurin da aka gasa zai ci gaba da lotsawa, ɓangarorin mota huɗu ba za su daidaita ba, kuma ƙarfen yana iya karyewa ana cikin tafiya.

Ko kun san cewa yawancin sifirin rage tsayi naɗinsu ba iri ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa? Wasu naɗin a matse suke, wasu a ware. Matsattsun su ne suke fara haɗuwa idan nauyi ya hau, daga nan sauran su ɗauki aikin da ƙarin tauri. Hikimar ita ce mota ta yi laushi a ƙaramar gargada, ta yi tauri a kwana. Masu tsere kuwa sun fi son mai tauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin direba ya san abin da motar za ta yi kafin ta yi.

Shin ko kun san cewa taurin da aka rubuta a kwali ba shi ne taya take ji ba? Wurin da sifiri ya zauna a kan hannun ƙafa shi ke yanke hukunci. Idan yana tsakiyar hannun, rabin nisa tsakanin jikin mota da taya, to rubu'in taurinsa kawai taya take samu. Dalilin ke nan da ba a ɗauko sifirin wata mota a ɗaura wa wata don kawai ya shiga gurbin.

Ko kun san cewa manyan kamfanonin sifiri biyu na Jamus maƙwabtan juna ne? Heinrich Eibach ya kafa nasa a 1951 a yankin Finnentrop. Werner Heine da Heinz Remmen kuma suka kafa H&R a 1980, mazauninsa garin Lennestadt, duk a cikin tsaunukan Sauerland.

Kayan da ke raka sifiri

Shin ko kun san cewa shokazoba ba ta ɗaukar nauyin mota? Sifiri ne ke ɗauka. Aikinta shi ne ta kashe rawar sifiri, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan kafofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Kowace shokazoba an daidaita ta ne da wani tauri da wani tsayi. In aka haɗa ta da sifiri mai tauri fiye da ƙarfinta, mota za ta riƙa lilo bayan kowane tudu. Ga shi kuma sandarta ta riga ta nutse tun motar tana tsaye, sai ta yi saurin mutuwa. Shi ya sa kamfanin Bilstein yake yin samfurin B6 domin tsayin asali, B8 kuma a gajarce domin motar da aka sauko da ita.

Ko kun san cewa manyan masu yin shokazoba ba da mota suka fara ba? August Bilstein ya kafa kamfaninsa a 1873 yana ƙera ƙarafan tagogi, sai a 1957 Mercedes-Benz ta fara ɗaura shokazobarsa mai iskar gas a motocin da take sayarwa. KONI na ƙasar Holan kuwa tun 1857 yake, da kayan dawaki na fata ya soma.

Shin ko kun san cewa 'yar robar nan da ke saman sandar shokazoba ita ma sifiri ce? An sa ta ne ta tare duka idan ƙafa ta lotsa matuƙa, kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Idan aka sauko da mota aka bar ta da tsawonta, motar takan zauna a kanta tun ba a je ko'ina ba, kowane ƙaramin rami ya zo wa direba har ƙugu. Gyaran shi ne a sa gajera, ko a rage ta bisa umarnin kamfanin sifirin. Cire ta gaba ɗaya kuwa kashe shokazoba ne.

Shin ko kun san cewa saukowa fiye da kima tana iya sa mota ta ƙara jirkicewa a kwana? A ɗauki Ford Mustang ta 2005 zuwa 2014. Ƙafarta ta gaba irin ta MacPherson ce, tsarin da injiniya Earle MacPherson ya ƙirƙiro, wanda aka gani a motocin Ford Consul da Zephyr na Ingila a farkon shekarun 1950. A wannan tsari, da zarar hannun ƙasa ya daina kwanciya daidai ya fara kallon sama ta wajen taya, wurin da jikin mota yake jirkicewa a kansa yakan faɗi ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyi ta sauka. Tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, ƙarfin da ke karkata motar ma ya ƙaru. Maganinsa boljoyin mai dogon wuya, wanda yake mayar da hannun kusa da kwanciyarsa ta asali.

Ko kun san cewa ba karkatar taya ce ta fi cinye ta ba? Idan mota ta sauko, kan tayoyin yakan karkato ciki, abin da makanikai ke kira kamba. Kaɗan daga wannan yana taimakon kwana, da yawa kuma yana cinye gefen ciki. Amma abin da ke gama taya cikin gaggawa shi ne idan bakinta ya ɗan kalli ciki ko waje maimakon gaba sak, domin a lokacin gurzar kwalta take yi a duk tafiyar. Saukowa tana taɓa duka biyun. Saboda haka alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, wajibi ne, kuma an fi son a yi shi bayan 'yan kwanaki ana tuƙi, sabon sifiri ya gama zama. Motocin da kamfani bai bar wajen daidaita kamba ba, irin Mustang ɗin nan, sai an saya musu noti na musamman ko faranti mai matsawa da ake ɗaurawa a saman shokazoba.

Shin ko kun san cewa mota tana iya juya kanta ba tare da direba ya motsa sitiyari ba? Tayirod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, da hannun ƙafa an tsara su ne su hau su sauka tare. Idan ragin tsayi ya raba kwanarsu, duk lokacin da taya ta hau tudu sai tayirod ya ja ta ko ya tura ta. A gudun kilomita 120 a awa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana gyara shi da kan tayirod mai daidaituwa.

Ko kun san cewa saukowa tana iya tura tayoyin baya gefe guda? Mustang ta 2005 zuwa 2014 aksul ɗaya ne ya haɗa tayoyinta na baya, kuma abin da ke hana shi zamewa hagu ko dama wata doguwar sanda ce a gicciye, sandar Panhard. Bakinta ɗaya yana jikin mota, ɗayan yana jikin aksul. Jikin mota na sauka, kwanar sandar ta sauya, aksul ya matsa gefe, taya ɗaya ta leƙo waje fiye da 'yar'uwarta. Sai an sa sanda mai ƙaruwa da raguwa kafin ya dawo tsakiya. Daga samfurin 2015 ne Ford ta ba duk motocin Mustang ƙafar baya mai cin gashin kanta.

Shin ko kun san cewa lokacin ɗaure noti yana da muhimmanci? Bushin roba ba ya juyawa a gurbinsa, murɗewa yake yi. In aka ɗaure notinsa tamau mota tana rataye a kan jak, to da an sauke ta robar ta murɗe, kuma a haka za ta zauna har ta yage. Ƙa'ida ita ce ɗaurin ƙarshe a yi shi tayoyi suna ɗauke da nauyin motar.

Ko kun san cewa motocin zamani suna auna tsayinsu da kansu? Da yawa suna da 'yar na'ura a jikin hannun ƙafa wadda ke gaya wa fitilun gaba inda za su haska. Wasu kuma suna da kyamara da na'urar hangen abin da ke gaba domin taka birki da kansu. Idan tsayi ya sauya ba a sake saita su ba, fitila tana iya haska gaban bamba kawai ko ta kashe wa mai tahowa ido.

Shin ko kun san cewa sifirin da aka matse yana iya kashe mutum? A jikin shokazoba yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance notin sama ba tare da abin matse sifiri na ƙwarai ba, ya saki wannan ƙarfi a fuskarsa. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita.

Motocin da ba su bi wannan hanya ba

Ko kun san cewa Chevrolet Corvette daga 1984 zuwa 2019 ba ta da sifiri mai naɗi? Falle guda ne na zaren gilashi a gicciye, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma da noti a bakinsa ake rage mata tsayi. Porsche 911 ita ma sandar ƙarfe mai murɗewa ta yi amfani da ita har zuwa 1989, lokacin da samfurin 964 ya zo da sifiri mai naɗi.

Shin ko kun san cewa Corvette ta 2020 tana iya ɗaga hancinta kimanin milimita 40 cikin ƙasa da daƙiƙa uku? Tana kuma iya haddace wurare har 1,000 ta hanyar tauraron ɗan'adam, ta ɗaga da kanta idan ta iso tudun rage gudu da ta sani.

A filin tsere da gaban doka

Ko kun san cewa a tseren Formula 1 milimita ɗaya ta taɓa ƙwace nasara? Bayan rasuwar Ayrton Senna a Imola ta Italiya ranar 1 ga Mayu 1994, an wajabta ɗaura wani allo mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota domin hana saukowa da yawa. A dokar lokacin, idan ya goge fiye da milimita ɗaya, an fitar da motar. A shekarar ce Michael Schumacher ya zo na ɗaya a Beljiyam aka soke nasararsa saboda haka. A 2023 a Austin ta Amurka, Lewis Hamilton da Charles Leclerc su ma wannan doka ta hau kansu.

Shin ko kun san cewa jihar Kalifoniya ta shekara fiye da 60 da dokar hana sauko da mota fiye da kima? A 1958 aka haramta wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gindin wilinta, dokar da ta fi shafar Amurkawa 'yan asalin Meziko na birnin Los Angeles, waɗanda kwantar da mota ya zama musu ado da alama. A 1959 Ron Aguirre ya sa wa Corvette ɗinsa famfon mai na jirgin sama, yana ɗaga ta yana sauke ta yadda ya so. Sai a farkon 2024 dokar da ta soke haramcin ta fara aiki.

Ko kun san cewa a Japan motar da tazararta da ƙasa ba ta kai santimita 9 ba ba ta cin gwajin hukuma? A Ostireliya santimita 10 ce. A Jamus sifirin sai yana da takardar shaidar gwaji, sau da yawa kuma sai masu binciken mota irin su TÜV sun duba aikin. A Ingila, wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora wannan gyara yana iya rasa diyya ranar da ya yi haɗari.

A hanyoyinmu

Shin ko kun san cewa motar da ta fi yin suna a ƙasarmu da akasin dabarar rage tsayi ta yi shi? Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968 da doguwar ƙafa mai laushi da tazara mai kyau daga ƙasa. Da su ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a can har 2006. Hanya ce ta zaɓe ta.

Ko kun san cewa wanda ya ƙara wa mota tsayi ma duk wannan lissafi ya hau kansa? Mu a nan abin da aka fi yi shi ne sa wa motar da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka wani zobe a kan sifiri domin kada salansa da kaskon baƙin mai su riƙa dukan ƙasa. Hakan ma yana sauya kamba, yana sauya kallon taya, yana ja wa shokazoba da tayirod, yana kuma ɗaga cibiyar nauyi. Alaimen bayan aikin wajibi ne kamar yadda yake ga mai saukowa.

Don haka wanda ya yi niyyar rage wa motarsa tsayi, ya fara duba hanyar da yake bi kullum, da ƙofar gidansa, da ruwan da ke kwanciya a unguwarsu da damina. In sun ba shi dama, ya tsaya a ragi matsakaici, ya sayi sifirin da aka yi domin samfurin motarsa takamaimai, ya haɗa da shokazobar da ta dace, ya ware kuɗin alaimen da na ƙananan kayan da za su mayar da ƙafar kan saitinta. Araha ba ta ado, balle a abin da ke ɗauke da rai. In kuɗin bai kai a yi aikin duka ba, gara a bar motar yadda kamfani ya ƙera ta har ya kai.